Giyar Jamus, kwalbar 0.0 da dawar Kebbi: muhawara a Zauren 'Yan Kebbi Gida da Waje

Baban Rifkatu (Zuru):
Salama gare ku 'yan uwa. Na san yawancin mutanen zauren nan Musulmi ne, don haka tun farko ina neman afuwa. Mun dawo daga Jamus ni da Maman Rifkatu da jikoki, mun je hutu wajen 'yarmu da ke aikin jinya a Kolon. Tun da muka sauka mutane ke tambayata a kan abin shan ƙasar, har da maƙwabtana Musulmi masu shirin tura yara karatu can, shi ya sa na ga gara in rubuta a nan kowa ya gani.

Ni ina shan giya, ba na ɓoyewa, kuma na ɗanɗana tasu. A Kolon akwai wadda ake kira Kölsch, fara ce tas, ba ta da nauyi. A wani siririn tambulan ake kawo ta, mai cin kashi ɗaya cikin biyar na lita. Mai rabawa yana yawo da faranti mai ramuka, da ya ga naka ya ƙare sai ya dire wani ba tare da ka buɗe baki ba, ya ja layi da fensir a kan ɗan kwalin da ake ɗora tambulan. In ka ƙoshi sai ka ɗauki kwalin ka rufe bakin tambulan, nan ne zai daina. Da layukan nan ake yi maka lissafi.

Daga nan surukina ya kai mu kudu, jihar Bafariya. A Munik sun fi ji da giyar alkama, ba ta washewa, tana ƙamshin ayaba alhali ba a saka mata ayaba ba, yis ɗin ne ke kawo shi. Amma wadda ta tsaya mini a rai ita ce ta garin Bamberg. Su a kan wutar itace suke busar da tsiron sha'ir, sai hayaƙin ya kama shi ya bi shi har cikin tambulan. Kurɓar farko sai ga ni gaban tukwanen burukutun kakata a kan murhu. Na manyan kamfanoni kuwa, irin su Beck's da Bitburger, ba su da nisa da Star ko Gulder ɗinmu.

Abin da ya taɓa ni ba ɗanɗanon ba ne. Jamus na da gidajen dafa giya kusan 1,500, da yawansu ƙanana ne, gado ne daga kaka zuwa jika, wata giyar ma in ka bar garinta ba ka ƙara ganinta. A Bafariya an kafa doka a 1516 da ta ce ba a saka komai sai ruwa da sha'ir da wani fure mai ɗaci da ake kira hop. Sun riƙe sana'ar kakanninsu da mutunci da tsabta. Mu kuwa matanmu da ke dafa dawa a ƙasar Zuru, da ita suke biyan kuɗin makarantar yara, amma ba mai kula da su balle ya koya musu gyara.

Abu Fatima (Birnin Kebbi):
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shugaba, don Allah a goge wannan. Jihar Shari'a muke, ba a zauren nan za a zo ana yi mana tallar barasa ba.

Malam Bello (Gwandu):
Abu Fatima, yi a hankali, dattijo ne kake magana a kansa, kuma ya fara da neman afuwa. Baban Rifkatu, barka da dawowa, ya iyali, ya gajiyar hanya? Gaskiya zan faɗa maka, bayanin ɗanɗano da ƙamshi bai yi mini daɗi ba, domin akwai matasa a zauren nan, kuma zuciya ba ta da ƙashi. A wajenmu hukuncin a fili yake cikin Suratul Ma'ida aya ta 90, an haɗa giya da caca an ce mu nisance su. Amma ka ce maƙwabtanka na tambayarka saboda yaransu. Wannan ɓangaren nake so mu ji.

Shugaban Zaure:
Ba za a goge ba. Zauren nan na 'yan Kebbi ne duka, daga Kamba har Zuru, kuma dokarmu ita ce ba zagi, ba hoton abin da zai ɓata wa wani rai. Baba bai saka hoto ba, bai ce kowa ya sha ba. A ci gaba cikin ladabi.

Hajiya Maman Ummi (Argungu):
Ni kam na gode da aka buɗe maganar. Baban Rifkatu, sannu da hanya, a gaida Maman Rifkatu. Mun taɓa zuwa Jamus wajen ƙanena da yara. Mun shiga wani babban kanti, zafi ake yi, ɗan yayata mai shekara goma sha ɗaya ya buɗe firji ya ɗauko gwangwani mai hoton lemon tsami, rawaya shar, a jere yake kusa da lemukan yara. Har ya jefa cikin kwando. Matar ƙanena ce ta hango ta ce a mayar, wai Radler ne, giya ce aka gauraya da lemo. Wallahi jikina sai da ya yi sanyi. Ba hoton kwalbar giya, ba komai da idon baƙo zai gane. Mutumin da bai taɓa ganin giya ido da ido ba sai a fim, ta ina zai san wannan?

Injiniya Usman (Hambug):
Hajiya ta taɓo inda ke yi wa sababbin zuwa ciwo. Ina zaune a nan, bari in yi bayani gwargwadon abin da na sani.

Radler rabi giya ce rabi lemo, ƙarfinta wajen kashi 2.5 cikin 100. Dokar Tarayyar Turai ta ce duk abin shan da sinadarin mayensa ya wuce kashi 1.2 dole a rubuta adadin a jiki, don haka ku juya gwangwani ku nemi lamba da alamar % vol. In kun gan ta, ku ajiye.

Matsalar tana wajen wadda aka rubuta wa alkoholfrei, wato wai babu maye. A Jamus an yarda a rubuta haka ko da akwai har kashi 0.5 a ciki. Wadda aka rubuta 0,0 ita ce aka tace kusan ƙaf. Kuma yawancinsu sai an dafa giya ta tsimu tukuna, sannan a janye sinadarin mayen, ko ta hanyar ɗumama ta a hankali ya fita da tururi, ko ta matata mai ƙananan ramuka. Wasu kuma tsayar da tsimuwar ake yi tun ba ta yi nisa ba. Heineken 0.0 da ta fito a 2017 daga irin ta farko take.

Wani abu kuma, a nan yaro ɗan shekara 16 yana iya sayen giya da kansa, doka ta ba shi dama. Iyayen da ke turo yara karatu su san da wannan.

Abu Fatima (Birnin Kebbi):
To ai magana ta ƙare. Annabi (SAW) ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ko 0.5 ko 0.0, giya dai giya ce.

Ustaz Nura (Jega):
Hadisin ingantacce ne, Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito shi, amma a duba abin da yake nufi. Ana maganar abin sha ne wanda in ka sha shi da yawa za ka bugu, to shi ko cokali ɗaya haramun ne. Tambayar ita ce, wannan kwalbar in mutum ya sha ta har cikinsa ya cika, zai bugu? In amsar a'a ce, hadisin bai hau kanta ba. Shaikh Ibn Usaimin an tambaye shi a kan irin wadda ake sayarwa a kasuwannin Saudiyya, ya ce halal ce tunda ba ta sa maye, kuma ya yi bayanin cewa ɗan kason da ba shi da tasiri ba ya haramta abu. Duk wanda ya je Umara ya ga Barbican da Moussy a firjin shaguna a Makka da Madina. Ba ina kwaɗaitar da kowa ba ne, ni kaina ba na sha, amma kada mu haramta abu da zafin zuciya.

Malam Bello (Gwandu):
Ustaz, Allah ya ƙara ilimi. Ban musa abin da ka kawo ba, sai dai bayanin Injiniya ya raba mana abu biyu da bai kamata a cakuɗa ba. Akwai abin shan da tun asali ba a nufi giya da shi ba, an jiƙa hatsi an dafa an zuba sukari an rufe. Akwai kuma wanda sai da ya zama giya cikakkiya, mai bugarwa, sannan aka zare mata mayen. Na biyun nan an dafa giya ke nan, kuma cikin mutum goma da hadisi ya la'anta a kan giya har da mai matsa ta da wanda aka matsa dominsa. Kuɗinka kuma aljihun wa yake shiga? A Malesiya kwamitin fatawa na ƙasa ya yi zama a 2011 ya yanke cewa abin shan da ba a yi shi da nufin giya ba, in abin da ke ciki bai kai kashi 1 ba, ya halatta. Wanda kuwa aka bi hanyar dafa giya wajen yin sa haramun ne ko da an tace shi. Kamfanin Heineken na can da bakinsa ya ce 0.0 ɗinsa ba ta Musulmi ba ce. In mai kaya ya ce kayansa ba naka ba ne, me ya rage?

Sannan ka duba yaro ɗan shekara goma sha tara a ƙasar da ba uwa ba uba, riƙe da koriyar kwalba iri ɗaya da ta abokansa, a teburi ɗaya. Yau tasa 0.0 ce. Wa zai tsaya masa ranar da aka miƙo ɗayar?

Ustaz Nura (Jega):
Wannan na ƙarshen na yarda da shi ɗari bisa ɗari, Malam. Zama a teburin da ake zagayawa da giya ma an hana shi, ko ruwa kake sha. Inda muka saɓa shi ne hukuncin abin da ke cikin kwalbar, ba hukuncin zaman ba.

Hajiya Maman Ummi (Argungu):
Malamai, ku taimake ni da wannan, don yanzu kun sa ni tunani. Maltina fa? Ba a biki ko suna ko walimar sauka a Argungu ba tare da katan-katan na Maltina da Malta Guinness ba. Ai kamfanonin giya ne ke yin su.

Injiniya Usman (Hambug):
Su ne ke yi, Hajiya. Maltina ta Nigerian Breweries ce, masu Star. Malta Guinness kuma sunanta ya faɗi mai ita. Bambancin shi ne lemon malt ba a barin sa ya tsimu. Ana jiƙa hatsi ya tsiro, a busar, a niƙa, a dafa a tace ruwan zaƙin, daga nan hanyarsu ta rabu: giya a zuba mata yis ya cinye zaƙin ya mai da shi maye, malt kuma a ƙara masa sukari a rufe kwalba. Shi ya sa yake da zaƙi har ya ginshi mutum, ita kuwa 0.0 ɗaci gare ta.

Malam Bello (Gwandu):
Hajiya, sha Maltinarki. Abin da ke ciki halal ne. Wanda ya bar ta don kada kuɗinsa ya je wa kamfanin giya, tsentseni ya yi, Allah ya ba shi lada, amma ba zai ɗora wa mutane ba.

Maman Sadiq (Yauri):
Ni tawa tambayar daga Turkiyya take. Mun je Istanbul lokacin sanyi, mai yi mana jagora, Musulmi mai salla, ya kai mu wani tsohon shago a unguwar Vefa da aka buɗe tun 1876, ana sayar da wani abu wai boza. Da gero ake yi, mai kauri ne har da cokali ake sha, an barbaɗa masa kirfa, ana jefa gasasshen wake a sama. Ga ɗan tsami ga zaƙi. Mata masu lulluɓi da tsofaffi da yara duk suna sha. Muka sha, yaran suka ce a ƙaro. Daga baya na ji an ce yana ɗan tsimuwa, har akwai kamar kashi 1 a ciki. Tun lokacin abin yana raina.

Ustaz Nura (Jega):
Maman Sadiq, kwantar da hankalinki. Kunun zaƙin da kika dama jiya da yamma, in ya kwana a zafin Yauri ba firji, da safe kin ji ya yi tsami yana 'yar kumfa, shi ma ya fara wannan tafiyar. Haka fura, haka zoɓo. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi a ruwa, ya sha ranar da gobe da jibi har yamma, abin da ya rage a ba wani ko a zubar. Ke nan ɗan canjin da ke faruwa kafin abu ya kai ga bugarwa ba a ɗauke shi giya ba. Ma'aunin shi ne maye.

Abu Fatima (Birnin Kebbi):
Ustaz, da wannan maganar gobe wani zai ce burukutu ma kunu ne da ya kwana.

Baban Rifkatu (Zuru):
Ɗana Abu Fatima, a nan kam zan iya ba ka amsa, don a gaban tukunyar na tashi. Burukutu ba ya faruwa da kuskure. Dawa za a jiƙa, a shanya ta a lulluɓe ana yayyafa ruwa har ta fito da tsiro, a busar a rana, a kai niƙa. A dama, a dafa, a bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake mayar da shi wuta a yi ta dafawa awa da awanni, itace kaɗai abin kuɗi ne. In ya huce sai a zuba masa ragowar tsohon burukutu, shi ne ke tayar da shi. Za ka ji tukunya tana tsuwa tana tafasa ba wuta a ƙarƙashinta. Aikin kusan mako guda ne, kuma wadda ta yi ta san abin da ta nufa. Mai kunu kuwa in nata ya kwana ya lalace, asara ta yi, zubarwa za ta yi. Ko a ƙauyenmu ba wanda ke rikita su, kuma ba a taɓa miƙa wa baƙo Musulmi ƙwaryar burukutu ba. Lokacin bikinmu na gargajiya na Uhola kunu daban ake dama musu, a tukunya daban.

Malam Bello, na ji maganarka ta matasa, na kuma karɓa. Nan gaba in zan yi irin wannan bayani zan tsaya a abin da zai amfani matafiyi.

Malam Bello (Gwandu):
Na gode, Baba. Kakanninmu da naku sun yi zaman amana, mu ma haka za mu bar wa yara.

Sista Ladi (Zuru):
Baba, ni 'yarka ce kuma coci ɗaya muke zuwa, amma a nan ba na bayanka. Ina aikin jinya, ina ganin abin da ke zuwa mana daga ƙauyuka: magidanci bai kai hamsin ba, ciki ya kumbura, idanu sun yi rawaya, hanta ta gama aiki. Matar na zaune bakin gado da goyo, an sayar da akuya an sayi magani. Da yawansu burukutu ne tun safe, sai a bi shi da ogogoro na leda. Jamusawan da kake yabo su ma suna fama da nasu masu ciwon hantar, tsabtar tambulan ba ta hana shi. A farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce babu wani adadin giya da za a ce ba ya cutarwa, kuma an daɗe da saka ta cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji. Matan da kake tausaya wa ni ma ina tausaya musu, uwata ta yi sana'ar. Amma in za a taimake su, a koya musu yin kunu da lemon dawa mai tsabta da za a zuba a kwalba ya yi wata bai lalace ba, wanda Musulmi da Kirista duk za su saya. Kasuwarsa ta fi faɗi nesa ba kusa ba.

Baban Rifkatu (Zuru):
'Yata, ban ƙi taki ba. Na binne abokai saboda kwalba. Sai dai mutanenmu ba za su daina dafawa gobe ba, kuma tunda za a sha, gara a sha mai tsabta da aka san ƙarfinsa da a sha wanda aka dafa a tsohuwar durom mai tsatsa.

Danjuma (Zuru):
Tunda an zo nan bari in faɗi abin da ke cina. Ana fasa kwalabe a jihohin Shari'a, amma kuɗin harajin VAT da ake karɓa a kan giya a Legas da Fatakwal, in an zo rabo kowace jiha tana miƙa hannu. Wannan fa?

Abu Fatima (Birnin Kebbi):
Shinkafar Kebbi da albasar Aliero da shanun da kuke ci a kudu fa, wa ya lissafa muku su?

Shugaban Zaure:
Danjuma, Abu Fatima, ku tsaya nan. Maganar rabon haraji ta wata rana ce, kuma Danjuma ɗan Kebbi ne kamar kai, ba ɗan kudu ba.

Malama Hadiza (Birnin Kebbi):
Ni malamar sakandare ce, kuma ina karanta ku tun ɗazu. Muna ta auna 0.5 da 0.0 na ƙasar da yawancin yaranmu ba za su taɓa takawa ba, alhali abin da ke cinye su yana bayan katangar makaranta. Ba giya suke sha ba, don giya tana wari, za a gane. Ƙwaya ce, tramol, da maganin tari. Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin tun 2018, amma har yau ina tsintar kwalabensa in an yi shara. Yarinya da hijabinta har ƙasa, ta juye shi cikin robar lemo tana kurɓa a aji. Abu Fatima, zafin nan naka ina ma a can ka kai shi, wallahi da mun gode maka.

Abu Fatima (Birnin Kebbi):
Gaskiya ne Malama, wannan ma musiba ce, kuma duk mai sa maye hukuncinsa ɗaya. Amma ɗaya ba ta hana a yi maganar ɗaya.

Aliyu Ɗalibi (Bunza):
Assalamu alaikum iyayena. Ni ne irin wanda ake magana a kai, na samu gurbin karatu a Jamus, ina jiran biza. Yaya Usman, in na je me zan sha in huta da wasiwasi?

Injiniya Usman (Hambug):
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa a dace. Ba za ka ji ƙishi ba. Ruwan famfo a nan ana sha kai tsaye. Akwai Apfelschorle, ruwan tuffa ne da ruwa mai gas, ko'ina akwai shi, kuma ba wanda zai kalle ka don ka riƙe shi a taro. Akwai Spezi, kola da lemon zaƙi a gauraye. Shagunan Turkawa sun cika kowane gari, can za ka samu ayran, nono ne da ruwa da ɗan gishiri, can kuma za ka sayi naman halal. Abin da ya fi kama mutane ba abin sha ba ne ma, alewar cakulan ce da kek da wasu miyoyi da ake zuba wa giya, don haka ka koyi karanta bayan kwali tun kafin ka iya gaisuwa. Kuma kada ka yar da robar lemo ko gwangwani, akwai kuɗin ajiya a kansu, santi 25, kana mayarwa kanti injin zai ba ka takardar kuɗinka.

In abokan karatu sun gayyace ka, ka faɗa musu tun ranar farko cewa ba ka sha. Bajamushe in ka gaya masa sau ɗaya a fili ya riƙe. Mai noƙe-noƙe shi ake ta yi wa tayi.

Alhaji Mai Hatsi (Jega):
Salamu alaikum. Ni ban iya dogon rubutu ba, ɗana ne ke buga mini. Duk na ji abin da kunka ce, amma akwai wadda ta shafe ni kai tsaye. Shekara da shekaru ina saida dawa. Bayan kaka dillalai na zuwa da manyan motoci su kwashi buhu ɗaruruwa su yi kudu da ita. Da can ban taɓa tambaya ba. Kwanan baya wani direba ya ce mini wai wani kason kamfanin giya ake kai shi. Shin gaskiya ne ana giyar kwalba da dawa? In gaskiya ne, mine ne hukuncin kuɗin da munka ci?

Dakta Garba (Aliero):
Gaskiya ne, Alhaji. Da can da sha'ir ɗin Turai ake yi. Star ta fara fitowa a Legas a 1949, Guinness ta buɗe masana'antarta a Ikeja a farkon shekarun 1960, duk da tsiron sha'ir da ake shigowa da shi ta jirgin ruwa. A 1988, zamanin Babangida, gwamnati ta hana shigo da shi don a tsimi kuɗin waje, dole kamfanonin suka koma kan dawa da masara. Ko bayan an sassauta hanin ba su saki dawa ba, don ta fi araha kuma a gida take. Amma ba giya kaɗai ake yi da ita ba. Lemon malt da Hajiya ta tambaya a kai akwai dawa a ciki, ana abincin kaji da ita, ana garin abinci. Mota ɗaya in ta bar Jega ba ka da tabbacin ƙofar da za ta tsaya.

Wani abin lura, dokar 1516 da Baban Rifkatu ya ambata, cikin dalilanta har da hana masu giya taɓa alkama, don kada su sa burodi ya yi tsada. Mu ma ya kamata mu riƙa tambaya, in manyan masu saye sun kwashe dawa tun kaka, nawa mudu zai kai wa talaka a watan Yuli.

Malam Bello (Gwandu):
Alhaji, abin da ya wuce ba ka sani ba, babu komai a kanka. Dawa abinci ce, sayar da ita a kasuwa halal ne, kuma ba a ɗora maka bin kowace mota ka ga inda ta sauke ba. Amma malamanmu na Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda ka san giya zai matsa da shi, dawa ma haka take. In dillali ya faɗa maka da bakinsa cewa gidan giya zai kai, ko ya zo da takardar kamfanin, to kada ka sayar masa.

Alhaji Mai Hatsi (Jega):
To Malam, in kamfanin guda ne shina yin giya shina yin Maltina, kuma dillalin ya ce shi bai san wace tukunya za a zuba ba fa? Don wanga shi ne ainihin halin da muke ciki. Akwai wanda ya riga ya ba ni kafin alƙalami na buhu ɗari biyu.

Ustaz Nura (Jega):
Wannan tana son zama, Alhaji, ba a yanke ta a waya ba. Ranar kasuwa ka tambayi dillalin sunan wanda yake saya wa, da abin da aka rubuta a takardar odar. In ka samo, ka same ni a masallaci bayan La'asar, sai mu kira Malam Bello mu duba tare. Kafin nan kada ka taɓa kuɗin.